Tururuwar Wuta: Idon Mai Gida Ya Fi Jirgin Feshi

A watan Fabrairun 2001 hukumomin jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya suka tabbatar da cewa jar tururuwar nan mai harbi, wadda masana ke kira Solenopsis invicta, ta yi gida a birnin Brisbane. A wuri biyu aka same ta: tashar jiragen ruwa ta birnin, da wasu unguwanni na kudu maso yammacinsa. Ba a jima ba sai ga labari daga Niyu Zilan cewa an ga gidan irin wannan tururuwa a filin jirgin sama na Auckland. Niyu Zilan ta kashe nata, ta bi kewayen wurin da bincike har ta gamsu babu saura, magana ta mutu. Ostireliya kuwa yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan tana fama. Kuɗin da gwamnatocinta suka ware wa wannan yaƙi sun haura dalar ƙasar biliyan ɗaya, amma yankin da tururuwar ta mamaye a kudu maso gabashin Queensland ya wuce hekta 700,000.

Cikin ƙasashen nan biyu babu wadda ta fi 'yar'uwarta masana ko magani. Abin da ya raba su lokaci ne. Ta Auckland gida ɗaya ce aka riska tun ba ta yaɗu ba. Ta Brisbane kuwa ta yi shekaru tana hayayyafa a filayen unguwa da bakin hanya, tana harbin mutane, kowa yana sosa ƙafarsa ya wuce. Saboda haka abin da nake son kafawa a wannan sharhi shi ne: yaƙi da wannan ƙwaro ana cin sa ko a faɗi ne a tsakanin ranar da ta fara harbin wani da ranar da labari ya kai kunnen wanda zai iya yin wani abu. Jiragen feshi da biliyoyin kuɗi duk a baya suke zuwa, kuma yawancinsu tarar jinkirin nan ce ake biya.

Wace ce ita?

Asalinta Kudancin Amurka ne, a kwarin kogin Parana da ya ratsa Brazil da Faraguwai da Ajantina, ƙasar da ambaliya ke shafewa kusan kowace shekara. A can ba wata babbar annoba ba ce, domin tana da masu taka mata birki. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje da ke saka ƙwai a jikinta, tsutsar ta shige cikin kanta ta cinye har kan ya guntule. Akwai cututtukan da ke kama ta, ga kuma sauran tururuwa da ke gogayya da ita a kan abinci. Da ta ƙetare teku sai ta bar duk waɗannan a gida. Binciken da aka yi ya nuna yawanta a kudancin ƙasar Amurka ya ninka na mahaifarta sau huɗu zuwa bakwai.

Gane ta ba ya buƙatar digiri. Tsawonta daga milimita 2 zuwa 6 ne, kuma a gida ɗaya za ka ga manya da ƙanana a cakuɗe, abin da ba kasafai ake gani ba a sauran tururuwa. Kai da ƙirji ja ne mai ruwan tagulla, ciki kuwa ya fi duhu. Gidanta tulin ƙasa ne mai laushi, wani a baje, wani ya kai tsayin santimita 40, kuma babbar alamarsa ita ce ba shi da ƙofa a sama. Ta ramukan ƙarƙashin ƙasa suke fita su ɓullo can nesa. Idan aka taɓa tulin da dogon kara, nan take sai su tafaso da yawa, su hau karan da gudu. Tana kama fata da baki ta riƙe, sannan ta lanƙwaso ciki ta yi harbi, ta juya ta sake, ta juya ta sake. Zafin kamar an ɗora garwashi, washegari kuma wurin ya yi ƙurji mai farin kai. Ga mafi yawan mutane a nan abin yake tsayawa. Ga 'yan kaɗan masu borin jini kuwa, harbin kan kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, kuma an yi asarar rayuka ta haka.

Ɓarnarta ba ta tsaya a fatar mutum ba. Tana afka wa ɗan maraƙi ko ɗan akuya da aka haifa a fili, ta shiga ido da hanci. Tana cinye 'yan tsakin tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa. Tana haƙe irin masara da dawa da zarar ya fara tsiro, ta ɓata kuɓewa da dankali, ta gwaguye bawon ƙananan itatuwan lemo har su bushe. Tana son shiga akwatunan lantarki da injinan ban-ruwa ta lalata su. A Amurka ana ƙiyasta asarar da take jawowa da kuɗin yaƙarta sun haura dala biliyan shida a shekara. Sarauniya ɗaya kan saka ƙwai sama da dubu a rana, ta rayu shekaru, gida ɗaya kuma ya ɗauki tururuwa dubu ɗari biyu ko fiye.

Ta hanya uku take yaɗuwa. Sababbin sarauniyoyi kan tashi sama bayan ruwan sama su yi barbara, su sauka a wani wuri, galibi kusa, wani lokaci har nisan kilomita biyar. Idan ambaliya ta zo sai duk gidan su sarƙe ƙafafu su dunƙule, sarauniya da ƙwai a tsakiya, ruwa ya tafi da su har inda suka ci karo da tudu. Hanya ta uku ita ce mutum, kuma ta fi sauran biyun haɗari nesa ba kusa ba. Tifar ƙasa, taki, dammunan ciyawa, shukar tukunya, ciyawar ado da ake yankowa da ƙasarta, katafila da ta bar wurin gini da taɓo a ƙafa: kowanne na iya ɗaukar sarauniya ya kai ta nisan da fiffikenta ba zai kai ba cikin shekara ashirin.

Yadda Amurka ta faɗi

Wajen shekarun 1930 ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama, ana kyautata zaton cikin ƙasar da jirage ke lodawa don daidaita nauyi. A 1942 wani yaro ɗan shekara goma sha uku, Edward O. Wilson, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masanan tururuwa na duniya, ya lura da ita a wani kango kusa da gidansu a Mobile. Amma hukuma ba ta motsa da gaske ba sai bayan shekara goma sha biyar. A tsakanin nan masu sayar da dashe da ciyawar ado sun riga sun rarraba ta a jihohin kudu cikin motocinsu. Dokar tarayya mai taƙaita jigilar ƙasa da shuke-shuke daga yankunan da ta kama sai a 1958 ta fito.

A 1957 majalisar dokokin ƙasar ta ware kuɗi, aka tashi jirage suna watsa guba masu ƙarfi, heptachlor da dieldrin, a kan miliyoyin eka. Tsuntsaye suka mutu, kifaye suka mutu, dabbobin gida ma ba su tsira ba. Rachel Carson ta ragargaji wannan shiri a littafinta Silent Spring na 1962, littafin da ya tayar da yunƙurin kare muhalli a ƙasar. Aka sauya zuwa wata gubar mai suna mirex, aka yi ta watsawa har aka haramta ta a 1978 saboda ba ta narkewa, tana taruwa a jikin dabba da na mutum. Duka ukun yau suna cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa wa takunkumi. Da ƙura ta lafa, yankin da tururuwar ta mamaye ya fi na farko yawa. Wilson da kansa ya kwatanta shirin da yaƙin Biyetnam.

Dalilin faɗuwar yana da muhimmanci. Gubar ba ta zaɓe. Ta kashe tururuwar gida tare da baƙuwa. Ita kuwa baƙuwar gwana ce wajen mamaye filin da aka share, don haka ita ke fara dawowa, ta tarar babu abokin gogayya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan haka, ana feshi ta sama, motoci na ci gaba da jigilar ƙasa ta ƙasa. Abin bai tsaya a Amurka ba: wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka ɓulla a Ostireliya da Niyu Zilan da Taiwan da Sin ba daga Kudancin Amurka suka zo ba, daga kudancin ƙasar Amurka suke. Sakacin ƙasa ɗaya ya zama kayan da take fitarwa duniya.

Inda aka ci nasara

Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce ba a iya kawar da ita. Niyu Zilan ta yi haka sau uku: Auckland a 2001, tashar jiragen ruwa ta Napier a 2004, da Whirinaki a 2006. Ita kanta Ostireliya ta gama da wadda ta kama tashar Brisbane, da ta Yarwun kusa da Gladstone har sau biyu, da ta Port Botany a Sydney da aka gano a 2014, da ta Fremantle a yammacin ƙasar da aka gano a 2019. Japan ta fara ganin ta a 2017 cikin wata kwantena da ta taso daga Guangzhou ta sauka a Kobe, kuma tun daga lokacin ake yawan kama ta a tashoshin jiragen ruwan ƙasar ana murƙushewa nan take. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga abu ɗaya: ƙananan wurare ne, mafi yawansu a bakin shigowa, an kuma riske su da wuri.

A ɗaya gefen, Taiwan ta gano tata a 2003, Sin a 2004 a lardin Guangdong, duka bayan ta riga ta yi nisa, kuma yau ta bazu a larduna da dama na kudancin Sin. Sai kuma tsibirin Sisili na Italiya, inda masana suka bayar da rahoto a 2023 cewa sun ƙirga gidaje 88 a fili da bai kai hekta biyar ba kusa da birnin Siracusa, karon farko da aka tabbatar ta zauna a Turai. Da aka tambayi mazauna wurin sai suka ce tun wajen 2019 suke shan harbi. Shekara huɗu ke nan mutane sun sani da fatarsu, hukuma ba ta sani ba. Ba don sun ɓoye ba. Ba su san abin kai rahoto ba ne, ba su kuma san wa za su gaya wa ba.

A nan ne nake ganin darajar tsarin Queensland, duk da kurakuransa. Dokar tsaron halittu ta jihar ta 2014 ta wajabta wa duk wanda ya ga abin da yake zargin tururuwar wuta ce ya sanar cikin sa'a 24. An horar da karnuka masu shinshino gidanta tun bai fito fili ba. An gwada jirage masu saukar ungulu ɗauke da na'urorin gano ɗumin tulin daga sama. Amma kare ɗaya fili nawa zai zaga a rana, kuma na'ura za ta leƙa ƙarƙashin tukunyar fure a bayan gida? Mutanen da ke yankan ciyawa, da masu gini, da iyayen da ke kai yara filin wasa, su ne idanun da babu kasafin kuɗin da zai iya saya. Abin da ake nema gare su kaɗan ne: a ɗauki hoton tulin da na tururuwar, a lura da wurin, a hana yara da dabbobi zuwa, kada a kwashi ƙasa ko shuka daga nan, a kira hukuma. Da yawa daga rahotannin kan zama tururuwar gida ce, kuma wannan ba asara ba ce. Rahoto ɗari na kuskure sun fi araha a kan gida ɗaya da aka yi shiru a kansa.

Me ya sa ba za a zuba mata fetur ba?

Duk wanda ya ga ƙwaro ya harbi ɗansa, abin da zuciya za ta raya masa shi ne ya ɗauko tafasasshen ruwa ko fetur da ashana. Wannan ita ce babbar hidimar da zai yi wa tururuwar. Waɗanda ke sama ma'aikata ne, kuma dubu goma daga cikinsu ba su kai sarauniya ɗaya ba. Ita tana can ƙasa, da an taɓa gidan sai a janye ta ta ramukan gefe, bayan kwanaki tuli ya fito a gidan maƙwabci. Wani nau'in ma gida ɗaya sarauniyoyi da yawa ne a ciki, tayar da shi na nufin raba shi gida-gida. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Dabarar da ke aiki ta haƙuri ce. Ana jiƙa tsakin masara da man waken suya, a sa masa ɗan magani kaɗan, irin su methoprene ko pyriproxyfen, a watsa kimanin kilo biyu a hekta guda. Waɗannan ba sa kashe tururuwa nan take, kuma da gangan ne. Ma'aikatan su kwashi tsakin su kai gida, su tsotse man, su ciyar da juna baki da baki har ya kai ga sarauniya. Maganin ya hana ƙwanta zama tururuwa. Tsofaffi su mutu da kansu, babu masu maye gurbi, cikin 'yan watanni gida ya zama kufai. Inda ake gaggawa, kamar makaranta ko filin wasa, ana amfani da tsaki mai saurin kisa, ko ƙwararru su ɗura magani cikin tulin kai tsaye. Sai a maimaita watsa tsakin sau da yawa cikin shekara biyu ko fiye, sannan a shafe wasu shekarun ana bincike kafin a ce wuri ya tsarkaka.

Wannan dabara tana da sharaɗi mai nauyi: dole a bi kowane fili a yankin, har wanda ba a ga tuli a cikinsa ba, domin sabon gida kan yi watanni a ɓoye kafin ya tara ƙasa. Gona ɗaya da aka tsallake ta isa ta sake cika gundumar da sarauniyoyi. Daga nan maganar ta tashi daga ilmin ƙwari ta koma zamantakewa.

Wa zai biya kuɗin faɗin gaskiya?

A ɗauki mai sayar da ciyawar dabbobi ko mai lambun dashe. Ranar da ya sanar cewa ya ga tuli a gonarsa, ranar ce dokokin jigila za su hau kansa: sai an yi wa kaya magani, sai an ajiye su yadda doka ta ce, wasu masu saye kuma su gudu. Amfanin gaskiyarsa na ƙasa ne baki ɗaya, asarar kuwa tasa ce shi kaɗai. Duk tsarin da ya bar lissafi a haka yana koya wa mutane yin shiru ne, komai tsananin tarar da ya rubuta. A Queensland an kuma sami masu rufe ƙofa su hana jami'ai shiga, wasu don tsoron maganin zai cutar da ƙudan zuma ko karnuka ko ruwan sha, wasu manoma ne da kasuwarsu ta dogara ga shaidar cewa ba sa amfani da sinadarai. Doka ta ba jami'ai ikon shiga, har da rakiyar 'yan sanda idan ta kama. Ban ce a soke wannan iko ba, domin haƙƙin mutum a kan gonarsa bai haɗa da haƙƙin kiwon annoba ga maƙwabta ba. Amma hukumar da ta kai ga kiran ɗan sanda ta riga ta yi sakaci da zaman da ya kamata ta yi da mutane tun farko. Tsoronsu ma ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ya san labarin mirex yana da dalilin yin tambaya, kuma haƙƙinsa ne a zauna a nuna masa bambancin wancan da wannan.

Akwai kuma abin da ya fi kashe gwiwa: mutum ya kira, ya jira makonni ba wanda ya zo. An sha yin wannan kuka a Queensland, musamman a tsakiyar yankin da abin ya yi katutu, inda daga baya aka koma raba wa mazauna tsaki su yi da kansu. Wanda ya kai rahoto sau ɗaya aka share shi ba zai sake ba, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa kada ya wahalar da kansa. Don haka wajibcin sa'a 24 bai kamata ya tsaya a kan talaka kaɗai ba. Idan doka ta ba shi kwana ɗaya ya faɗa, ita ma hukuma a yanka mata kwanakin da za ta iso.

Masu suka na da hujja da ba za a raina ba. Suna cewa shekara ashirin ta isa a gane an faɗi. A daina zuba kuɗi a rami, a koya wa mutane zama da ita kamar yadda jihar Texas ta Amurka ta koya. A 2017 Ostireliya ta ƙaddamar da shirin shekara goma na dalar ƙasar miliyan 411, kafin a kai rabi wani kwamitin bita ya ce kuɗin ba za su isa ba. A 2023 aka sake shiri na kusan dala miliyan 593, a ƙarshen shekarar kuma aka gan ta a Murwillumbah, cikin jihar New South Wales. Duk gaskiya ne. Sai dai lissafin yana da ɗaya gefen. Jami'an shirin na nuna cewa a Ostireliya tana ci gaba da kimanin kilomita huɗu zuwa biyar ne a shekara, alhali a Amurka ta yi ta cin kusan hamsin, a Sin kusan tamanin. Kwamitin bitar nan kuma ya ƙiyasta cewa idan aka sake ta, asarar za ta kai dala biliyan biyu kowace shekara, ba ranar ƙarewa. A ganina kuskuren Ostireliya ba yin yaƙin ba ne. Kuskurenta shi ne duk lokacin da tururuwar ta ja baya sai a rage kuɗi, ta farfaɗo, a dawo a biya ninki.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu na nan, domin mun ɗanɗana irin wannan baƙunta. A 2016 ƙwaron tumatir da manoman Kano ke kira sharon ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Shi ma daga Kudancin Amurka ya fito. A shekarar ce kuma aka fara tabbatar da tsutsar masara mai cin zuciyar shuka a Najeriya, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka, cikin shekara biyu ta game kusan duk Afirka kudu da Sahara. A Gabon da kudancin Kamaru kuwa wata ƙanwar tururuwar wuta, ƙarama ƙwarai mai suna Wasmannia auropunctata, ta daɗe da zama. A Kamaru har manoman koko sun riƙa ɗaukar ta da hannunsu suna kai wa gonaki don ta cinye musu wasu ƙwari, ta zauna ta kori tururuwar gida.

Hanyar da ta kai tururuwar wuta Kobe a buɗe take zuwa gare mu. Kwantenoni daga Guangzhou na sauka Legas da Kwatano da Lome kullum, su hau mota zuwa Kano da Maraɗi, yanzu ga tashoshin tudu a Kaduna da Dala inda ake buɗe kaya a tsakiyar Arewa. Busasshen dajinmu ba zai yi mata daɗi ba, domin tana buƙatar laima. Amma fadama, da filayen noman rani irin na Kadawa, da lambunan bakin gari, da wuraren sayar da furanni a bakin titi, da ciyawar gidajen masu hali da ake shayarwa safe da yamma, duk wurin zamanta ne. Manomin da ke shiga ruwa ba takalmi yana dashen shinkafa, da mai akuyar da ke haihuwa a fili, su ne za su fara biya. Wanda kuma zai fara jin harbinta ba farfesa ba ne. Ɗan dako ne mai sauke kaya, ko mai ban-ruwan lambu. Idan ya ga ƙurji mai farin kai a ƙafarsa, cewa zai yi cinnaka ce, ya shafa man zafi ya koma aiki.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne mun taɓa gina irin tsarin da ake buƙata, kuma ya yi aiki. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Babu allurar rigakafi, babu maganin sha. Da me aka kawar da shi? Da mutanen ƙauye da aka horar suna kai rahoto wata-wata, da masu unguwanni da dagatai da suka karɓi aikin a matsayin nasu, da ladan kuɗi ga duk wanda ya nuna mai ɗauke da cutar. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi. An yi nasara ne domin an sa faɗin gaskiya ya zama riba, ba abin tsoro ba.

Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan darasi a kai shi fagen ƙwari. Hukumar killace tsirrai da dabbobi ta Najeriya da takwararta ta Nijar su sa hotunan wannan tururuwa da gidanta, da bayani cikin Hausa, a duk inda ake buɗe kwantena, su kuma koya wa 'yan dako da direbobi abin dubawa. Malaman gona su san ta kamar yadda suka san sharon. A samar da lamba ɗaya da za a tura hoto ta WhatsApp, a bayanta kuma a sami masanin ƙwari, irin waɗanda ke Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da zai duba ya amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. A rubuta a doka cewa wanda ya kai rahoto ba za a ƙwace kayansa a bar shi da asara ba, magani kuma kyauta ne; hukunci ya koma kan wanda ya sani ya kwashi ƙasa ko dashe ya kai wani gari. Tsarin da aka kafa don tururuwa zai kama baƙon ƙwaro na gaba, ko wane ne shi. Ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun gwada sayen nasara bayan sun makara, ba ta sayu ba. Mu da ba mu da biliyan ɗaya ta zubarwa, hanyar da ta rage mana ita ce mu ji labari da wuri, kuma ba za mu ji ba sai mun sa mutane sun san abin da za su faɗa, da wanda za su faɗa wa, sun kuma tabbata faɗin ba zai zame musu jidali ba.